Abincin Rana a Gidajen Baƙi: Me Muke Saye da Kuɗinmu?

Duk wanda ya ratsa titin Aminu Kano ko na Adetokunbo Ademola da ke Wuse II a Abuja tsakanin ƙarfe ɗaya zuwa uku na rana, zai ga wani abu da iyayenmu ma'aikata ba su san shi ba a zamaninsu. Motoci ne jere a ƙofar gidajen abinci, ga ma'aikatan banki da lauyoyi da likitoci da jami'an gwamnati, da yawansu 'ya'yan Arewa, sun idar da sallar Azahar sun fito neman abin taɓawa kafin su koma bakin aiki. Wannan gida na Kwarori ne, wato mutanen Labanon, shawarma da gasasshen nama suke sayarwa. Wancan na Indiyawa ne, da biriyani da miyar kori. Gaba kaɗan ga na mutanen Sin da taliyarsu, ga kuma masu fiza da soyayyiyar kaza irin ta Amurka. Haka abin yake, gwargwadon hali, a Nasarawa da Bompai da titin Gidan Zu a Kano, haka kuma a tsakiyar Kaduna.

Mutanenmu sun kasu gida biyu a kan wannan al'amari. Akwai masu ganin lalacewa ce da kwaikwayon baƙi, wai yaron da aka raina da tuwo da miyar kuka ya wayi gari yana kokawa da cokali mai yatsu a kan abincin da ko sunansa bai iya faɗa ba. Akwai kuma masu ɗaukar shiga waɗannan wurare a matsayin shaidar wayewa, har sai sun ɗauki hoton faranti kafin su yi bisimilla. Na ci abinci a irin waɗannan gidaje da dama, wasu da kuɗina, wasu a gayyace, kuma a ganina duka ɓangarorin biyu sun bar jaki suna dukan taiki. Tambayar da ta kamata mu yi ita ce: mene ne ainihin abin da ma'aikaci ke saye idan ya shiga can, kuma me ya sa ba ya samunsa a wurin masu abincinmu na gida?

Bari mu fara da abin da ya fitar da shi daga gida. A da, ma'aikaci a Kaduna ko Kano ko Sakkwato yakan tashi daga ofis kafin La'asar, ya hau kekensa ko babur ɗinsa, cikin 'yan mintuna yana gida, a shimfiɗa masa tabarma a kawo kwano. Cin abinci a waje kuwa, a al'adarmu, aikin gwauro ne da matafiyi. Magidancin da aka gani yana cin tuwon saye sai a fara tambaya ko lafiya a gidansa. Ba lalacewar tarbiyya ce ta rusa wannan tsari ba. Tun da aka mayar da fadar gwamnatin tarayya Abuja a watan Disamba na 1991, aka samu dubban ma'aikata da ke kwana a Kubwa ko Nyanya ko Mararaba ko Suleja alhali ofisoshinsu na tsakiyar birni, ta yadda zuwa gida cin abincin rana da dawowa zai cinye musu rabin yini a cunkoson motoci. Bankuna da kamfanonin waya suka zo da aikin da ba a tashi sai bayan Magariba. Uwargidan da ake sa ran ta dafa, ita ma tana nata ofishin, ko tana asibiti tana duba marasa lafiya. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma dole ta sauya. Mutum zai ci abinci a waje ko ya so ko ya ƙi, abin da ya rage kawai shi ne a ina.

Masu kukan cewa abincin baƙi zai kashe al'ada kuwa, ina roƙonsu da su leƙa madafar kakanninmu. Gurasar da Bakano ke tinƙaho da ita, da alkubus da alkaki, sunayensu ma na Larabci ne, kuma birnin Kano ya daɗe da fataken Tarabulus da Gadamus tun kafin zuwan Nasara, har aka sa wa wurin zamansu Dandalin Turawa, a lokacin da kalmar Bature ke nufin Balarabe. Alkama da albasa da shayi da sukari duk sunayen aro ne. Tumatir da barkono da gyaɗa da rogo da masara kuwa asalinsu nahiyar Amurka ne, ba su iso Afirka ba sai bayan 1492. Ke nan miyar dage-dage da ƙuli-ƙulin da ake yajin tsire da shi, su ma akwai ranar da suke baƙi a ƙasar nan. Kwarori sun biyo cinikin gyaɗa bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, suka kafa shaguna a wurin da har yau ake kira Kantin Kwari. Alhazai suka dawo da ɗanɗanon kabsa da mandi, ɗaliban Masar da Sudan suka dawo da na ful da ɗa'amiyya. Indomie da aka fara shigo da ita daga Indonesiya a 1988, yau babu teburin mai shayin da ba ta kai ba, har yara na zaton tare da ƙwai aka halicce ta. Bahaushe ɗan fatauci ne tun fil azal, ɗan fatauci kuwa abin da ya tarar a zango shi yake ci, idan ya yi masa daɗi ya taho da shi gida.

Wani abin lura kuma shi ne, yawancin abin da muke kira abincin ƙasashen waje, sai da ya rusuna wa harshenmu kafin ya samu kasuwa. Mr Bigg's na kamfanin UAC ne ya fara sabar wa ma'aikacin Nijeriya da biyan kuɗi a kan kanta ya karɓi abinci nan take, tun 1986 a Legas. Chicken Republic ya biyo baya a 2004, KFC ya iso a ƙarshen 2009, Domino's a 2012, Burger King sai a 2021. Kusan dukkansu sun gane cewa ɗan ƙasar nan ba ya ƙirga burodi da dankalin turawa a matsayin abincin rana, sai ya ga shinkafa ya ji yaji; shi ya sa za ka tarar da shinkafa a jerin abincin masu kaza, masu fiza kuma suka ƙirƙiro mai ɗanɗanon tsire. Shawarmar da ake ci a Berut da tafarnuwa ko miyar riɗi da ɗan tsami ake haɗa ta, tamu kuwa an cika ta da mayonis da kabeji da sosej har tana zuba a gwiwar hannu. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa Gwanzu sayen kaya sun san cewa abin da ake dafawa a can daban, abin da ake ba mu a nan da sunan abincin Sin daban. Saboda haka mai fariyar cewa ya saba da abincin duniya ya rage murya, mai tsoron kada a mayar da mu baƙi shi ma ya kwantar da hankalinsa.

To, tunda abincin ma rabinsa namu ne, me ake biya da wannan tsada? A iya lurata, tsari ake saye. Ma'aikacin da ke da sa'a ɗaya tsakanin sallah da taron ƙarfe biyu yana so ya san cewa cikin minti goma sha biyar abinci na gabansa. Yana so ya ga farashi a rubuce, ba sai an dubi shaddarsa da makullin motarsa kafin a yanka masa kuɗi ba. Yana son ɗanɗanon da ya ji ranar Litinin ya sake jin sa ranar Alhamis. Yana son tebur mai tsabta da zai iya baza takarda a kai ya tattauna da abokin hulɗa, da wurin wanke hannu mai sabulu, da makewayin da ba sai ya toshe hanci ba, da rasit da zai kai wa akanta. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke da alaƙa da Italiya ko Indiya.

Akwai kuma batun mata, wanda ba kasafai ake ambatarsa ba idan maza sun zauna suna sukar waɗannan wurare. Namiji zai iya naɗe hannun riga ya zauna a benci a gefen titi ya ci shinkafa da wake, ba wanda zai ɗaga ido. Likita mace ko lauya ko manajar banki 'yar Arewa ba za ta iya haka ba, kuma mu ne za mu fara yi da ita idan ta yi. Gidan abincin da ke da ƙofa da kujeru da ma'aikatan da aka koya wa ladabi shi ne kaɗai wurin da za ta zauna ita da abokiyar aikinta ta ci abinci cikin mutunci. Idan ta zaɓi gidan Kwarori ko na Indiyawa, sau da yawa rashin wani zaɓin ne ya kai ta, da ta samu masa da miyar taushe a wuri irin wannan da ba ta wuce ba.

Wannan ba ya nufin a shiga ko'ina a ci ido rufe. Abin da ya fi damuna game da 'yan bokonmu a waɗannan wurare shi ne kunyar tambaya. Mutumin da a ofis ba ya sa hannu a takarda sai ya karanta ta sau biyu, sai ka ga an miƙa masa jerin abinci ya nuna wani suna da yatsa, don kada a ce baƙauye ne. Alhali kuwa akwai abin tambaya. Girkin mutanen Sin na asali yana yawan amfani da giyar shinkafa wajen jiƙa nama da haɗa miya, wasu miyoyin Italiya da kayan zaƙinsu ma ana zuba musu giya, yankakken naman da ake jerawa a kan fiza asalinsa da naman alade ake yin sa, ko da yake gidaje da yawa a nan na sa suke sawa. Akwai kuma batun wanda ya yanka dabbar, da ko man da aka soya wannan shi aka soya wancan. Hukunci na malamai ne, ba nawa ba, amma ko malamin ba zai yi fatawa a kan abin da ba a san me ke cikinsa ba. A Malesiya hukumar JAKIM ce ke binciken madafa ta ba da shaidar halal, Indonesiya kuma ta yi doka a 2014 da ta wajabta irin wannan shaida. Mu a nan, galibi amana ce kawai da kalmar da mai gida ya ga dama ya rubuta a allonsa. Kafin hukumomi su farka, matambayi ba ya ɓata, kuma na lura cewa gidajen da suka san abin da suke yi ba sa jin haushin tambaya, har kuku sukan kira maka. Wanda ya fara kame-kame kuwa, ya riga ya ba ka amsa.

Ta fuskar lafiya ba zan tsawaita ba, don likitocinmu sun fi ni sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kuma soyayyiyar kaza da dankali da miyar kwalba ba su san wannan awo ba. Harajin naira 10 a kan kowace lita da aka ɗora wa lemon kwalba a dokar kuɗi ta 2021 bai hana kowa kora abinci da shi ba. Sai dai adalci shi ne a ce malmalar tuwo uku da man ja da dunƙulen magi su ma ba su da alhakin kowa a wuyansu sai namu: abincin manomi ne da ke yini a kunya, mu kuma muna yini a kujera.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne wajen kuɗi. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 da sakin darajar naira a watan da ya biyo baya, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, a shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Ba abin mamaki ba ne mutum biyu su tashi daga tebur a Wuse II sun biya abin da ya kai rubu'in wannan albashi, har da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Kowa da aljihunsa, ba zan yi wa kowa lissafin gidansa ba. Abin da nake so mai karatu ya bi da ido shi ne hanyar da kuɗin ke bi bayan sun bar hannunsa. Yawancin alkamar da ake fulawa da ita daga waje ake shigo da ita, haka cukun da ake barbaɗawa a fiza, gidan da ke ɗauke da sunan wani kamfanin ƙetare kuma yana biyan ladan sunan. Amma naman fa? Daga kasuwannin shanu irin su Potiskum da Maigatari ya taso. Albasar daga Aliero, tumatirin daga Kadawa, shinkafar wataƙila daga Kura, dankalin daga tsaunukan Filato. Mu ne muke sayar da kayan a buhu da kwando da araha, wani ya wanke ya yanka ya jera a faranti, mu dawo da rana mu saya da ninkin-ba-ninkin. Ribar tana tsakanin buhu da faranti, kuma a nan ne ba a cika ganin ɗan Arewa ba.

Dubi tsire. Babu wani abincin Nijeriya da ya kai shi suna a waje in ban da shinkafa dafa-duka, har kalmar suya ta shiga ƙamus ɗin Oxford. A Landan da Hustan ana buɗe gidajen abinci da sunanta. Amma mai sana'ar na asali yana nan a bakin titi da fitilarsa, yana naɗe nama a tsohuwar jarida, ba ya fitowa ma sai rana ta faɗi, lokacin da ma'aikaci ya riga ya ci abincinsa a wani wuri. 'Yan'uwanmu na Kudu sun riga mu gane wannan: sun ɗauki amala da sakwara da miyar agushi sun shigar da su ɗakuna masu sanyi da kanta da rasit, kuma 'ya'yanmu na bin layi a can ba tare da kowa ya ce sun bar al'ada ba.

Ba a ce ba a fara ba. Wanda ya ga yadda fura ta canza a Kaduna da Kano da Abuja, daga ƙwarya da ludayi zuwa kofi mai murfi da ake damawa da inji a ajiye a firji, ya san abin mai yiwuwa ne. Yau babban darakta na shan fura a ofis ba tare da ya ɓoye ba. Akwai kuma gidajen masa da na tuwo da suka gyara wurarensu, Allah Ya ƙara musu kasuwa. Sai dai sun yi kaɗan, kuma da yawansu da zarar sun yi suna sai tsarin ya sukurkuce. Dalilin, a fahimtata, shi ne girkinmu a hannu yake, ba a takarda ba. Gwanintar tana wurin Hajiya ita kaɗai, ita ta san yawan daddawa da lokacin sauke tukunya. Ranar da ta tafi biki ko ta kwanta rashin lafiya, ɗanɗano ya bi ta. Baƙon da muke gani ya fi mu, abin da ya yi shi ne ya rubuta komai da awo, gishiri giram kaza, wuta minti kaza, ta yadda yaron da aka ɗauka aiki jiya zai fitar da abin da na shekara biyar ke fitarwa. Da haka ake buɗe reshe na biyu da na goma. Ko shi ma idan aka yi sake da awon, suna ba ya ceto: Mr Bigg's da ya taɓa mamaye manyan biranen ƙasar nan, rassansa da yawa sun rufe.

Za a ce tuwo ba abincin ofis ba ne, yana sa barci, ga shi da hannu ake ci. Na yarda. Amma wa ya ce tuwo ne kaɗai abincinmu? Ga dambu, ga masa da sinasir, ga ɗanwake, ga faten tsaki, ga gurasa bandashe wadda ba ta da maraba da fiza sai rashin mai tallata ta, ga kwaɗon zogale da na rama waɗanda da daga Turai suka zo da an sa musu suna mai tsawo an ninka kuɗinsu. Duk waɗannan ana iya fitar da su cikin minti goma a ci da cokali. Za a kuma ce wutar lantarki da jari, wannan ma gaskiya ne, sai dai Bakwaren da ke maƙwabtaka da mu janareta ɗaya muke saye da shi a kasuwa ɗaya. Abin da na fi zargi shi ne raini. Har yanzu attajirinmu ya fi ganin girma a gidan mai da rukunin shaguna, ɗan bokonmu kuma zai ji kunya a ce ɗansa girki ya karanta, alhali ga cibiyar koyar da aikin otal da yawon buɗe ido ta ƙasa da reshenta a Bagauda, ga kuma sassan koyar da wannan fanni a kwalejojin kimiyya da fasaha.

Ni dai ba zan daina shiga gidajen baƙi ba idan hali ya yi, kuma ina ba abokaina shawara su riƙa gwadawa, su ɗanɗani na Habasha da na Turkiyya idan sun samu, ciki ai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma mu shiga da idon ɗan kasuwa: mu ƙirga mintunan da aka ɗauka, mu dubi yadda aka tsara kanta, mu tambayi inda suke sayen nama da kayan miya. Sannan akwai wani ƙarfi da ke hannunmu wanda ba mu cika lura da shi ba. Kowane mako ma'aikatu da bankuna da ƙungiyoyin agaji na shirya tarurruka da bitoci a Abuja da Kaduna da Kano, ana raba abincin rana ga mutum hamsin ko ɗari, kuma wanda ke sa hannu a takardar kwangilar abincin sau da yawa ɗanmu ne. Kusan kullum soyayyiyar shinkafa ce da cinyar kaza. Me zai hana ya nemi dambu ko masa, ya kuma gindaya sharuɗɗan da zai gindaya wa kowane kamfani, wato a kawo ƙarfe ɗaya daidai, a rufe, da zafinsa, da rasit? Mai masar da ta samu odar mutum ɗari sau biyu a wata ba ta buƙatar a yi mata lacca kafin ta sayi firji, ta ɗauki yarinyar da za ta riƙa rubuta mata awo da lissafi.